Dutsen lasa mai yuriya: watannin da yake mayar da kuɗinsa da waɗanda ba ya mayarwa

Da an gama girbi iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ka ga shagunan maganin dabbobi da rumfunan 'yan dusa sun jera dunƙulen lasa iri-iri, wani ja, wani fari, wani baƙi-baƙi mai ƙamshin mazarƙwaila. Duka dutsen lasa ake ce musu, kuma mai shago zai rantse maka kowanne yana sa ƙiba, yana kawo nono. To kowanne da aikinsa. Jan nan mai huda a tsakiya da ake ratayewa da igiya, mai kilo 2 ko 5 ko 10, kusan duk jikinsa gishiri ne da ɗan sinadaran ƙasa, wato ɗan'uwan kantun Bilma ne da aka sa wa riga. Wanda ake magana a kai a nan shi ne wanda aka kwaɓa da takin yuriya da dusa da gishiri da siminti, galibi har da baƙin maɗin rake da ake kira molasis. Wannan ne mai aiki a rani, kuma shi ne mai kisa idan aka yi masa garaje.

Kaya ne mai kyau na wata 5 zuwa 6 a shekara, ga dabbar da ke da busasshiyar ciyawa ko kara a gabanta da ruwan sha isasshe. A sauran watannin asarar kuɗi ne, a wasu ranakun ma haɗari ne. Kafin a gane dalili sai an fara duba ciyawar kanta, domin ita ce ke canzawa, dutsen yana nan yadda yake.

A makonnin farko bayan ruwa ya zauna, ƙarangiya da harkiya da guɗe-guɗe da burburwa suna tasowa da ganye zalla. In aka busar da irin wannan ciyawa aka auna, furotin ɗinta, wato sinadarin gina jiki, yakan kai kashi 12 zuwa 18 cikin 100, gadagi da marak ma sukan haura haka tunda dangin wake ne. Dabba ba ta bukatar taimakon kowa a wannan lokaci. Amma ciyawar jejin Sahel ta shekara ɗaya ce, sauri take yi ta zuba iri kafin ruwa ya ɗauke. Tana fara fitar da kai, wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ƙarfinta ya koma cikin 'ya'ya, kara ya yi tauri, furotin ya sauko kashi 6 zuwa 8. Zuwa Nuwamba 'ya'yan sun zube, ganyen ya fara kakkaryewa, abin da ke tsaye bai wuce kashi 4 ko 5 ba. A Maris da Afrilu ana maganar kashi 2 zuwa 3 ne.

Ka tsugunna a makiyaya a watan Disamba ka damƙi ciyawa: za ka ga sauran ganye a jikin kara, launinta rawaya mai haske, tana da ɗan ƙamshi. Ka koma wurin a Afrilu: tsinke ne fari-fari mai sheƙi, ganyen iska ta kwashe, abin da ya faɗi ƙasa gara ta lulluɓe da ƙasa tana ci, sauran kofato ya tattake. Shi ya sa a lissafin makiyaya ake ɗaukar kusan kashi 1 cikin 3 kawai na ciyawar da aka gani a kaka a matsayin wadda za ta shiga bakin dabba. A Nijar, inda ake ƙiyasta ciyawar ƙasa duk ƙarshen damina, ana lissafa wa saniya mai kilo 250 busasshen abinci kilo 6.25 a rana, wato kimanin tan 1.7 a kwana 270 na rani.

Inda yuriya ta shigo

Saniya ba ita ke narkar da ciyawa ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke farfasa zaren ciyawa, su hayayyafa, sannan ita ta narkar da su su zama nama da nono. Waɗannan halittu suna bukatar abinci mai furotin kimanin kashi 7 kafin su yi aiki yadda ya kamata. In ya gaza haka sai su ragu, ciyawa ta daɗe a tumbi ba ta wuce ba, dabbar ta ji ciki a cike ta rage ci. Wannan ne ya sa kake ganin saniya tsaye a tsakiyar ciyawa, ciki tulu guda, amma haƙarƙari ana ƙirgawa. Rasa kashi 10 zuwa 20 na nauyin jiki tsakanin kaka da faɗuwar ruwa abu ne da aka saba gani a garken da ba a taimaka wa da komai.

Yuriya ba furotin ba ce, amma tana ɗauke da naitirojin kashi 46, kuma halittun tumbi suna iya gina furotin da shi. A lissafi, giram 1 na yuriya yana tsayawa a madadin giram 2.9 na furotin. Molasis yana ba su ɗan zaƙin da za su yi ƙarfi da shi da kuma farar wuta, dusa ta kawo fosfaras, sinadarin gina ƙashi, gishiri ya jawo dabbar ta lasa kuma ya taƙaita mata, siminti ya ɗaure komai don kada ta gatsa. Dabarar ta samo asali daga makiyayan Afirka ta Kudu da Ostareliya, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, kuma ta yaɗa hanyar haɗa shi ba tare da dafawa ba a shekarun 1980.

Kashin shanu ya fi kowace takarda faɗin gaskiya a kan ko lokacin dutsen ya yi. Muddin kashi yana faɗowa ya baje kamar faifai, da ɗan lotsawa a tsakiya, ciyawa na da sauran ƙarfi. In ya koma tauri, yana taruwa hawa-hawa da zobe-zobe kamar an jera waina, ka fasa shi da sanda ka ga tsinken ciyawa mai tsawon gaɓar yatsa bai narke ba, to tumbi ya fara gazawa. Dutsen kirki yakan sassauta kashin cikin mako 2 zuwa 3. In an yi wata ana lasa kashi bai sauya ba, ko dai dutsen ba shi da yuriya, ko ya yi taurin da ba a samun komai daga jikinsa.

Ga lissafin a fili. Saniya mai kilo 250 a watan Maris da ƙyar take cin kilo 5 na busasshiyar ciyawa. In furotin ɗin ciyawar kashi 3 ne, ta sami giram 150. Tana bukatar kusan 400 don ta riƙe jikinta. Dutse mai yuriya kashi 10, in ta lashi giram 400 a rana, ta sami yuriya giram 40, daidai da furotin giram 115, dusar ciki ta ƙara kamar 15. Tumbi ya farfaɗo, cinta ya ƙaru da kimanin kilo 1, wato wani giram 30. An tashi da 310 ke nan. Bai kai 400 ba, kuma wannan shi ne abin da mai shago ba zai gaya maka ba: dutsen yana toshe fiye da rabin giɓin ne, sauran sai abin da dabbar ta tsinta na ganyen sabara da kalgo da aduwa da 'ya'yan gawo. Yana rage rama. Ba ya sa ƙiba. Saniyar tatsa kuwa kowace litar nono tana cin furotin giram 80 zuwa 90 a kan wancan, saboda haka ita sai an haɗa mata da rabin kilo zuwa kilo 1 na ƙuli-ƙulin angurya ko damin harawa.

Wata-wata

Daga Yuli zuwa Satumba kada ka kashe ko sisi a kansa. Ciyawa ta ishi tumbi da naitirojin, ƙarin yuriya fitsari kawai zai zama. Gishiri da kanwa su ne bukatar wannan lokaci, abin da ke kai makiyaya garin Ingal na Nijar shan gishiri duk ƙarshen damina ke nan. Oktoba da Nuwamba ma, ga wanda ke shiga gonaki bayan girbi, ganyen kara da ragowar harawa da ƙowa da ƙaiƙayi sun wadatar. Dabba tana zaɓen mai kyau ta bar marar kyau, don haka abin da take ci ya fi abin da ake aunawa a fili inganci.

Lokacin farawa ya danganta da inda kake, kuma a nan mutane da yawa suke juya lissafi. Ana zaton kudu mai dogayen ciyayi ta fi arewa abinci. A yawa haka ne, a inganci akasin haka. Binciken da aka yi a yankin Niono na ƙasar Mali, wanda aka fitar a 1982, ya nuna cewa a mafi yawan Sahel ƙarancin naitirojin da fosfaras a ƙasa ya fi ƙarancin ruwa taƙaita ciyawa. Inda ruwa ya yi yawa, ɗan naitirojin da ke ƙasa yakan rarrabu cikin ciyawa mai yawa, ta yi tsawo ta zama holoƙo. Inda ruwan bai wuce milimita 200 zuwa 300 ba, kamar arewacin Dakwaro da Tanut da Azawak, ciyawar gajeriya ce amma mai ƙarfi, kuma tana bushewa da sauran ƙarfinta. Saboda haka mai shanu a kudancin Kaduna ko Bauci, inda gamba da kyasuwa ke zama itace tun Nuwamba, yana bukatar dutsen tun farkon Disamba. Na arewa yana iya kaiwa Janairu ko Fabrairu. Daga nan har faɗuwar ruwa, nan ne dutsen yake cin sunansa.

Akwai sharaɗi guda da ba a tsallakewa: sai da abin ci a ƙasa. Tunda dutsen yana ƙara wa dabba ci da kimanin kashi 1 cikin 5, makiyayar da za ta kai ka Mayu tana iya ƙarewa a Afrilu, tarin karan da ka ɗora a rumfa ma haka. A shekarar da ciyawa ba ta fito ba, irin abin da makiyayan Nijar suka gani a ranin 2010, dutsen yuriya ba shi da abin da zai buɗe. Ba wa saniya mai wofin ciki yuriya neman mushe ne. A irin wannan shekara kuɗin ya tafi ga kara da dusa da ƙuli-ƙuli, ko ga irin dunƙulen da cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, INRAN, ta fito da shi, wanda ake niƙa karan gero ko dawa a haɗa da dusa da 'ya'yan gawo da gishiri a matse. Wancan abinci ne da ake ci, sunan ne kawai ya yi kama.

Bazara ita ce mafi wuya, kuma ita ce lokacin da ake yawan kuskure. Ruwan farko yana jiƙa tsohuwar ciyawa ta yi baƙi ta ruɓe, sabon tsiro kuma bai kai a kama da harshe ba. Shanu su yini suna bin kore, su ƙi busasshe, abin da suka samu kusan duk ruwa ne, sai zawo. Nan ne raunana ke kwanciya su kasa tashi. Dutsen yana da amfani a waɗannan makonni 2 zuwa 3 in akwai ajiyayyen kara da za a ba su da dare, amma lokacin ne kuma ruwan sama ke iya taruwa a kwamin lasa. Da tsiro ya kai tsawon tafin hannu a janye shi. Kumburin cikin da marak ɗanye ke jawowa, da gubar gyauron dawa, duk a wannan lokaci suke, kada a ɗora wa dutsen laifinsu, kada kuma a zaci zai hana su.

Yadda za ka gane na kirki a shago

Fara da takardar jiki. In ba a rubuta yawan yuriya ba, ka ɗauka babu, ko kuma wanda ya haɗa bai auna ba, na biyun ya fi muni. Kashi 8 zuwa 10 shi ne daidai ga garken da ya haɗa shanu da tumaki. Wanda ya kai 15 na wanda ya ƙware ne. Sai ka danna babban yatsa da ƙarfi a tsakiyarsa: ya kamata ya bar ɗan alama kaɗan. In yatsa ya nutse, dabba za ta gatsa ta haɗiye. In ko farce bai yi masa zane ba, siminti ya yi yawa, harshe zai gaji ba a sami komai ba. Ka roƙi mai shago ya ɓantari gefe ka duba ciki. Fararen ƙwayoyi kamar na takin da ba su narke ba alama ce ta cewa an zuba yuriya a bushe, wani loma ba komai wani loma guba. Ka sansana. Ƙamshin maɗi da dusa ake nema. Warin fitsari mai hawa ka yana nufin danshi ya shiga, yuriya ta fara tashi, abin da ka biya kuɗi dominsa yana bin iska. Furfurar fumfuna a jiki, a bar shi. Na ƙarshe, ka murza ɓantaren a tafin hannu: masu ha'inci sukan cika shi da ɓuntun shinkafa maimakon dusa, za ka ji yana soka kamar ƙaya, kuma ɓuntu ba ya ƙara wa dabba komai.

Gwajin da ya fi duka sai an kai gida, da sikeli. Shanu 10 masu lasar giram 400 kowacce za su cinye kilo 4 a rana, wato dutse mai kilo 10 kwana biyu da rabi zai yi. Mutane da yawa suna yabon dutse da cewa yana da auki, mai kilo 5 ya yi wa shanu 10 wata guda. Raba ka gani: giram 17 kowace saniya a rana, yuriyar da ke ciki ba ta kai giram 2 ba. Wannan ado ne a garke. Ma'aunin da ake so shi ne giram 300 zuwa 500 ga babbar saniya, giram 50 zuwa 100 ga tunkiya ko akuya. Ka duba fuskar dutsen kuma: harshe yana barin kwarmi mai santsi kamar cikin ƙwarya, haƙori yana barin gatso mai kaifi. Ka ga gatso, ɗauke shi ka shanya ya ƙara bushewa.

Sabawa da haɗari

Tumbi yana bukatar mako 2 kafin ya saba. A makon farko awa 1 a rana, da yamma bayan an dawo kiwo an sha ruwa, ciki a cike. Mako na biyu awa 2 zuwa 3. Daga nan ana iya barinsa kwana. In aka yi kwana 3 babu, a koma farko, domin sabon yana gushewa da sauri. Dabbar da ta daɗe ba ta ga gishiri ba za ta far wa dutsen da haƙori, don haka a ba ta gishiri zalla na mako guda tukuna. A sa dutse 1 ga shanu 4 ko 5, nesa da juna, in ba haka ba manya su cinye, raunanan da aka saya dominsu su tsaya kallo. A ɗora shi a kwami mai huda a ƙasa, ƙarƙashin rumfa. Garken da ke shan ruwa sau ɗaya a kwana biyu a ba shi ranar sha kawai, bayan an sha, domin gishirin ciki yana ƙara ƙishirwa. Maraƙin da bai kai wata 6 ba, da ɗan tunkiya ko ɗan akuyar da bai fara tuƙa sosai ba, da jaki da doki da kaji, duk a nisanta su da shi. Raƙumi yana iya lasa.

Gubar yuriya tana farawa daga kusan giram 0.3 zuwa 0.5 a kowane kilo na nauyin dabbar da ba ta saba ba, in ta haɗiye a lokaci ɗaya. Ga saniya mai kilo 250, dutse giram 750 zuwa kilo 1 da kwata ke nan, abin da mayunwaciya za ta iya gamawa in ya yi laushi. Ga tunkiya mai kilo 30, ɓantare kamar girman lemon zaƙi ya isa. Ruwan da ya kwanta a kan dutse ya fi haɗari, domin yuriya tana narkewa cikinsa, ga zaƙin maɗi. Alamu suna bayyana cikin minti 20 zuwa awa 1: dalalar miyau, karkarwar fata da kunne, cizon haƙora, tangaɗi, kumburin ciki, numfashi sama-sama, sai faɗuwa da shure-shure. Mutuwa tana iya zuwa cikin 'yan awoyi. Maganin gaggawa ruwan khal ne na girki, lita 2 zuwa 6 ga saniya gwargwadon girmanta, rabin lita zuwa lita 1 ga tunkiya, a bi da ruwa mai sanyi da yawa, a ɗura a hankali kada ya bi ta huhu, a kuma nemo malamin dabbobi. Tsamin yana hana gubar ratsawa cikin jini. Abin da hannu ya saba kaiwa gare shi in an ga kumburi, wato jiƙon kanwa, shi ne mafi muni a nan, don kanwa kishiyar tsami ce, hanya take ƙara buɗe wa gubar. Duk wanda zai sayi dutsen nan ya sayi galan na khal tare da shi.

Abin da ba ya yi, da abokan takararsa

Busasshiyar ciyawa ba ta da sinadarin da jiki ke yin bitamin A da shi, ajiyar hanta kuma takan ƙare bayan 'yan watanni. Dundumi, hawaye, haihuwar maraƙi marar ƙarfi a ƙarshen rani, dutsen yuriya ba ya maganinsu. Ɗanyen ganyen itace ko allurar bitamin ke yi. Fosfaras ma sai an duba. Saniyar da ke tauna ƙashi, tana cin tsumma da leda, tana lasar suri, fosfaras take nema, kuma tauna ƙashin mushe na iya jawo mata shanyewar jiki mai kisa. Dutsen da aka yi da dusar alkama yana ɗan taimakawa, amma wanda aka ƙara wa garin ƙonannen ƙashi ko fosfaras na dabbobi kashi 3 zuwa 5 ya fi, ko da ya ɗara tsada. Tsutsar ciki da ta hanta kuwa in ba a yi maganinsu a kaka ba, su za ka ciyar.

Farashi yana hawa da sauka, don haka a kwatanta da abin da ke cikin kilo guda. Dutse mai yuriya kashi 10 yana ba da abin da ya kai furotin giram 320. Ƙuli-ƙulin angurya mai ɓawo kimanin 250, tunkuzar gyaɗa 400 zuwa 450, dusar alkama 150, harawar wake mai ganye 120 zuwa 140, 'ya'yan gawo 110 zuwa 120. Sai dai waɗannan duka abinci ne, suna kawo ƙarfi tare da furotin, dutsen kuwa kusan naitirojin ne kawai. Saboda haka in kilon dutse ya fi kilon ƙuli-ƙulin angurya tsada, ƙuli-ƙulin ya fi riba. Inda dutsen ya yi zarra shi ne babban garke a daji: ba ya bukatar rabo kullum, jaki ɗaya ya ɗauki na kwanaki, ba ya lalacewa da wuri. Mai turkar rago biyu ko uku na layya, wanda ke ba da harawa da dusa da ƙowa, ba ya bukatarsa sam, jan dutsen gishiri ya ishe shi.

Ga ƙungiyar makiyaya ko mai garke babba, haɗawa a gida ya fi saye araha nesa ba kusa ba, in ana iya samun molasis daga kamfanonin sukari irin na Numan ko Sunti. A kilo 100: molasis 50, dusa 25, yuriya 10, siminti 10, gishiri 5. Da sikeli ake aunawa, ba da kwano ba. A zuba yuriya cikin molasis a yi ta juyawa har sai an shafa tsakanin yatsu ba a ji ƙwaya ba, kuma ba a ɗora shi a wuta. A gefe a dama siminti da ruwa lita 4 tare da gishirin, a juye a ciki, a gauraya, dusa ta zo ƙarshe kaɗan-kaɗan. A zuba a bokiti ko akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda, a danna sosai, a juye bayan kwana 1, a shanya a inuwa mai iska mako 1 zuwa 2. Rana tana busar da baya ta bar ciki ɗanye, ya tsattsage. Inda babu molasis ana yi da dusa 65, yuriya 10, siminti 15, gishiri 10, a narkar da yuriyar da gishirin cikin ruwa lita 30 zuwa 40 kafin a kwaɓa; wannan ya fi jinkirin bushewa, dabbobi kuma ba sa rububinsa kamar mai zaƙi. Kada a sa ɗanyen garin waken suya a ciki, yana da sinadarin da ke fasa yuriya tun dutsen bai bushe ba. Kada kuma a musanya yuriya da takin NPK ko wani taki don kamar ƙwaya. Wanda aka yi a Disamba, in an jera shi a kan katako a ɗaki marar danshi, zai kai Yuni lafiya.